Shekarar da Dattijo Ya Yi Aikin Gwamnati

Na san labarin da kuka tashi da shi a kaina. Kawu Labbo, ƙanin Innata, shi ya dasa shi, ya yi ta ba shi ruwa har ya koma ga Allah: wai na taɓa tsallake katangar gidan tarihi da akushi a ka, sojoji na bi na da harbi, wai kuma abin da ya hana ni zuwa Ingila ke nan. Maganar Ingila gaskiya ce. Ta katanga kuwa, duk wanda ya san ni ya san ko kwata ba na tsallakewa sai na tsaya na auna faɗinta. Ban musa masa ba yana raye, don ba a musa wa kawu a gaban yara, kuma labarinsa ya fi nawa daɗin ji. Amma yanzu da babbar yayarku Ummi ta kusa ɗaukar jika, akwai abin da ya kamata ku sani, kuma in ban rubuta shi ba, ina tsoron ko dai ya ɓace, ko katangar ta ƙara tsawo.

Sai na fara da ginin. Ba zan faɗi sunan garin ba, don wasu da muka yi aiki tare suna da rai, wasu kuma 'ya'yansu sun zama manya. Ku dai sani tafiyar yini guda ce daga Anka a motar wancan lokaci. Turawa ne suka sa aka gina shi a kan tudu don Razdan, babban jami'insu na lardi, ya zauna, da tubali da azara, bangonsa da kaurin da mutum zai iya kwanciya a bakin taga ya yi barci bai faɗo ba. Da Razdan ya koma gidan siminti, ginin ya zama kotu. Da kotu ta tashi, ya zama siton gyaɗa. Da gyaɗa ta ƙare, jemagu suka karɓa, kuma a ganina su suka fi kowa daɗewa a ciki, suka fi kowa barin shaida. Gab da soja su miƙa mulki ga farar hula, gwamnatin tarayya ta tuna da shi, ta ce abin tarihi ne, a gyara shi ya zama gidan ajiye kayan gargajiya na ƙasa. A wannan gyara aka ɗauke ni aiki, ina sabon gama digiri a kan tarihi, da takalmi sau-ciki da tsoron kowa.

Shugabanmu Oga Bulus ne, mutumin Filato, dogo mai sanƙo, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Aikin farko da ya ba ni shi ne in rubuta tarihin ginin a taƙaice, don a sassaƙa a allon ƙofa. Na yi ta bin tsofaffin gari, kowa da nasa zancen, na kawo masa shafi cike. Ya karanta, ya ɗauki jan biro ya bi kowane "wataƙila" da "ana kyautata zato" yana kashewa, har abin da ya rage bai kai tsawon hannu ba. Ya ce mini allon ƙarfe ba ya kokwanto. Na ce wataƙila haka ne. Ya dube ni ta saman tabarau, daga ranar kuma na san ya gane irin mutumin da Allah ya haɗa shi da shi.

Gini ya gyaru, amma ɗakuna wayam. Sai aka tura kowane ma'aikaci ƙasarsu ya nemo kayan da. Ni aka ba ni Anka da Gummi da Bukkuyum, na tafi da murna, na dawo da kunya. Mutanenmu ba rowa gare su ba, mutunci ne ya yi musu yawa. A Bukkuyum na ga wata ƙofar itace ta kakan wani dattijo, mai ƙusoshin maƙera, na yaba, na ce gobe zan dawo da mota; da na dawo na tarar ya kwana yana shafe ta da shuɗin fenti, don kada a ce gidansu ba a kula da kaya. A Gummi na ce wa wata tsohuwa ina neman abin da ta fi ji da shi, ta fito mini da rediyo. Duk inda na nuna tsohon abu, sai a ɓoye shi a kawo sabo, a ce ba za a kai tsummanmu birni a yi wa Zamfarawa dariya ba. Haka na iso gidanmu a Anka hannu biyu, na zauna tsakar gida ina tunanin fuskar Oga Bulus, sai idona ya faɗa kan ragayar ɗakin Inna.

A gidanmu akwai akushi guda da ba a kiransa akushi. Dattijo ake ce masa. Baƙi ne wuluk, mai faɗin da yaro ɗan yaye zai zauna ciki ya miƙe ƙafa (Kawu ya ce an gwada da ni), bakinsa da zanen wuta, gefe guda da tsagar da aka ɗinke da wayar tagulla tun ba a haifi mahaifina ba. Aikinsa ɗaya ne: ranar suna, tuwon farko da za a fitar wa malamai zaure a cikinsa ake zubawa. Duk ɗan da aka haifa a zuriyarmu, ko a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ko rugar su Inna a Gwashi, sai an aiko an ɗauki Dattijo, a kan jaki ko a kan mutum. In an gama a mayar da shi, kuma ba a taɓa mayar da shi wofi ba. Ko soyayyen nama, ko gero, ko curin man shanu. Mutum ɗaya ne sunansa ya wuce ba Dattijo, wato Ɗan'ige, ɗan ƙanin mahaifina, saboda gulbi ya cika a makon, aka kasa ƙetarewa. Ɗan'ige ya girma bai taɓa ƙoshi ba, bai kuma taɓa shekara a sana'a ɗaya ba. Ni mai digiri ne, ban ce akushi ne ya jawo ba. Ban dai ce ba shi ba ne.

Ni ne ɗan Inna na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana ido da ido. In tana da zance da ni sai ta fuskanci bango, ko kaza, ko duk wanda Allah ya kawo kusa. Ranar kaza ce ta samu. Na durƙusa na ce gwamnati ke neman aron Dattijo. Inna ta tambayi kazar wane biki gwamnati za ta yi. Na ce buɗe gida ne, har Gwamna zai zo. Na kuma ce, ina so ku riƙe wannan da kyau, na ce mata zai ɗan jima. Abin da ban fayyace ba shi ne yawan jimawar, don a takardar ofis aro ne wanda ba a sa masa ranar dawowa ba, ni kuwa a lokacin na ɗauka wannan da "zai ɗan jima" ba su da nisa da juna. Inna ta watsa wa kazar tsaba, ta ce:

"Ya je Gummi, ya je Bukkuyum, ya je Gwashi bisa raƙumi. Shi tahi shi ga gwamnati. Maƙwabci ba a hana mishi akushi."

Aro a wurin Inna abu ne sananne. Wanda ya ara ya yi hidimarsa. In mai abu ya buƙata, ya aika a karɓo. In ya gama, ya sake miƙawa. Ba ta ga dalilin da zai sa gwamnati ta bambanta da gidan liman ba, ni kuma ban sami bakin da zan nuna mata bambancin ba.

Oga Bulus ya zagaya Dattijo kamar mai duba doki a kasuwa. Ya sa aka ajiye shi a tsakiyar babban zaure, inda Razdan ke cin abinci a da, cikin akwatin gilashi da aka kawo daga Legas, da fitila a samansa, da ɗan kati a gabansa mai cewa akushin Zamfara ne da ya haura shekara ɗari. Na so a sa "wataƙila", ya hana. Makullin akwatin ni aka damƙa wa, a matsayin jami'in zauren. Bayan ɗan lokaci ya kira ni ya ce ya sa sunana cikin waɗanda za a tura Ingila kwas na kula da kayan tarihi. Na sayi kwat a gwanjo, na riƙa sa shi a ɗaki da bazara, ƙofa a rufe, don in saba.

Ranar buɗewa kuwa ta zama kamar inuwar giginya, kana ganinta ba ka shiga. Aka sa rana, rufin ya yi yoyo. Aka sake sa wata, aka canja Gwamna. Aka sa ta uku, allon ƙofa ya zo da sunan wani gari. Duk wannan lokaci uwarku na da cikin fari, har ta koma Anka gidan iyayenta don haihuwa. Kada ku ɗauka na manta da Dattijo. Kullum ina lissafi, kullum lissafin na nuna mini za a buɗe gidan kafin a sauka, bayan buɗewa kuma ido zai ragu, in san dabarar da zan yi. Har aka tsayar da ranar ƙarshe, wata Alhamis, aka buga katin gayyata da hoton Dattijo a bango. Ranar Juma'ar da ta gabace ta direban motar Anka ya tsaya a ƙofar ofis, ya leƙo ta taga, ya ce an sauka jiya lafiya, mace, kuma Inna ta ce a aiko da Dattijo. Na ƙirga kwanakin da yatsu, na sake ƙirgawa daga ɗayan hannun ko za su canja. Suna Alhamis.

Na shiga ofishin Oga Bulus ban san iyaka ba a kwanakin nan. Matsalar ita ce, a wurinmu mutum ba ya buɗe baki ya ce matarsa ta haifa masa 'yar fari. Kunya ce da ake sha da nono. Sai in shiga, in gaishe shi, in ce dama game da wata magana ce ta gida, sai in ji bakina yana ba shi rahoton yoyon rufi. Da na yi haka ya isa, ya ajiye biro ya ce direban ya riga ya gaya wa kowa har mai gadi, Allah ya raya, in an gama buɗewa in tafi hutu. Nan na yi ta maza na kawo maganar akushin, daga nesa, ta hanyar tarihin zuriyarmu da ambaliyar da ta ci Ɗan'ige. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba, abin da har yau nake gode masa. Ya ce a gaban wannan akwati Gwamna zai tsaya a ɗauki hoto, kuma ko bayan haka, ba a fitar da abu daga gilashi sai da izinin hedikwata a Legas, izinin da in an yi sa'a zai iso lokacin da yarinyar ke rarrafe. Na koma na aika wa Kawu saƙo ta hannun direba, ina tambaya, a matsayin shawara kawai, ko zai yiwu a ɗan ɗaga sunan. Amsar da ta dawo ba saƙo ba ce. Su ne da kansu.

Ranar Talata da hantsi, masu fenti na kan tsani, sojoji na gwajin fareti a fili, ina goge gilashin Dattijo, na ji sallamar da na sani tun ina cikin zani. Inna, wadda ba ta taɓa wuce Talatar Mafara ba, tana tsaye a ƙofar gidan Razdan da ƙunshi a ka, ta tuɓe takalmanta ta jera su a gefen allon ƙarfe. Kawu Labbo na bayanta da sandarsa a kafaɗa. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta tambayi mai gadi ina matan gidan, ya ce babu. Ta shiga tana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, tana duban garemani da sirdi da tukwane da tsofaffin riguna, kowanne a jere da takarda a gabansa. Da ta gama ta tambayi Kawu, a hankali don kada masu gida su ji, wane ne ya rasu, kuma me ya hana magada raba kayan.

Kawu ya hango ni, ya ce, "Digiri, ashe kai ne mai shara a nan?" Na durƙusa na gaishe su. Inna ba ta dube ni ba, ta riga ta ga Dattijo. Ta tsaya a gabansa ta daɗe, ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ta leƙa ciki ta sama. Sai ta ce wa gilashin:

"Sun tsare shi awa ɓarawo. Ko ƙwayar gero ba su sa mishi ba."

Oga Bulus ya fito da kansa. Ya rusuna ya gaishe ta, ya kira ta Inna, ya sa aka kawo kujera, ta ƙi, ta zauna ƙasa. Ita kuma ta ɗauke shi a matsayin uban biki, ta yi masa barka, ta yi addu'a Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, sannan ta tambaye shi me za a zuba a akushin ranar, tuwon dawa ko na shinkafa, don in na shinkafa ne sai an fara shafa masa mai. Ya ce ba za a zuba komai ba, kallonsa za a yi. Ta nemi ya maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da cewa mutane za su zo daga nesa, har da Turawa, su tsaya su dube shi. Na ga tausayi ya sauko a fuskar Inna. Ta gane gwamnati na cikin wani hali, ta tara baƙi ba ta da abin ba su, kuma ba ta so ta tona mata asiri. Ta sauke ƙunshinta ta kwance. Sabuwar langa ce, babba, mai jan fure da murfi, wadda ta fi kowace kyau a jerenta, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Ta tura ta gaban Oga Bulus.

"Na san kuna da baƙi, ba ni barin ku ba kwano. Ku riƙe wagga, ta ma fi shi haske. Shi ko Dattijo yana da suna jibi. In munka gama shi dawo."

Oga Bulus ya dubi langar. Ya shafa sanƙonsa, ya yi mata bayanin Legas da izini da doka, cikin ladabi, ita kuma tana gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Daga ƙarshe ya miƙe, ya ce shi dai ba shi da ikon buɗewa, makulli ma ba a hannunsa yake ba, yana hannun jami'in zaure. Ya ce duk jami'in da ya buɗe akwatin nan ba izini, shi da hannunsa zai cire sunansa daga masu zuwa Ingila, ba yadda zai yi. Bai dube ni ba da yake faɗin haka. Sannan ya ce zai je ya duba masu kafa rumfa a bayan gida, kuma aikin rumfa abu ne mai cin lokaci, ba zai dawo da wuri ba. Ya fita. Shekaru nawa ina juya maganar nan a raina, har yau ban tabbatar ko gargaɗi ya yi mini ko hanya ya ba ni ba. Mai yiwuwa duka biyun ne.

Na tsaya da makulli a aljihu, ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Na tuna kwat ɗina. Na tuna dokar da na sa wa hannu. Na fara shirya wani bayani a raina mai sassa da dama, wanda zai nuna wa Inna cewa a duniya ana haihuwar yara da yawa ba akushi, kuma wasunsu na ƙoshi. Ban kai ga buɗe baki ba. Inna ta jira abin da ta ga ya isa jira, ta miƙe, ta kaɗe zaninta, ta bar langar a inda take, don abin da ta ba maƙwabci ba ta ɗaukewa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta roƙa ba. Ta ce wa Kawu:

"Tashi mu tahi, Labbo. Ɗiyar ta ci a kwano, awa Ɗan'ige."

Ban ga yarinyar ba a lokacin, ban san kamanninta ba. Amma na gan ta sarai, ta girma, tana bin gidajen biki da ido a tukunya, yau tana sayar da goro, gobe tana gyaran keke. Na ciro makullin. Kawu ya riƙe mini kwaɗon, na buɗe. Na fito da Dattijo na miƙa wa Inna, na ɗauki langar na sa a gurbinsa, na daidaita ta a ƙarƙashin fitila, don ko a cikin saɓa doka ban iya aikin ganganci ba. Katin da ke cewa akushi ne mai shekara ɗari na kifa shi a kan fuskarsa, na kulle, na kai makullin teburin Oga. Ta ƙofar gaba muka fita, da rana tsaka, Kawu ne ma ke ɗauke da shi, ba ni ba. Sojan da ke bakin ƙofa ya tambayi ina za a kai wannan, Kawu ya ce Dattijo za shi suna, sojan ya ce Allah ya raya. Iyakar harbin da aka yi ke nan.

A mota Inna ta zauna gaba da Dattijo a cinya, ni ina baya tare da awaki. Ranar Alhamis da sassafe aka cika shi da tuwo aka fitar zaure, malamai suka sa hannu, aka yi addu'a, aka raɗa wa yarinya sunan Inna, shi ya sa kuke kiranta Ummi. Haka aka gaya mini. Ni ban gani ba, domin uban 'yar fari ba ya zama a taron suna. Tun asuba na ɓuya a shagon wani abokina tela, a bayan katangar gidanmu, ina jin sanƙira daga nesa. Wato na sayar da Ingila don bikin da al'ada ta hana ni halarta. Da hantsi wata ƙanwata ta leƙo shagon da ɗan kwano a rufe, ta ce Inna ta ce a ba mai shagon, in yana da baƙo su ci tare. Ƙanzon gindin Dattijo ne, wanda ba a ba kowa sai wanda ta ga dama. Tela bai samu ko loma ba.

Abin da ya faru a can birni a wannan safiya, ji na yi, kuma riwayoyin sun saɓa. Abin da aka haɗu a kai shi ne, wani masinja mai himma ya ga kati a kife, ya nemi makulli ya gyara shi. Gwamna ya yanke kyalle, ya shigo da jama'arsa, ya tsaya a gaban sabuwar langa mai jan fure, ya karanta cewa ta haura shekara ɗari. Wasu sun ce ya yi dariya har ya riƙe gilashi. Wasu sun ce ya juya ya gaya wa Turawan cewa ashe Zamfarawa sun ci gaba tun da can. Oga Bulus bai taɓa gaya mini wanne ne ba, ni kuma ban ga fuskar tambaya ba.

Bayan suna na mayar da Dattijo, cike da soyayyen naman rago har baki, an rufe da faifai, don Inna ta ce ko gwamnati ba ta san yadda ake mayar da akushi ba, mu mun sani. Na tarar da takardar tuhuma na jira na a tebur. Ina karantawa a tsaye, Oga Bulus na cin naman a zaune, yana nuna mini inda zan sa hannu da yatsa mai maiƙo. Ya cika alkawarinsa, aka cire sunana. Aka kuma mayar da ni ƙasarmu in kula da ragowar tsohuwar ganuwa, aikin da ba wanda ke so, inda na yi shekaru ina roƙon masu gini su daina ɗibar ƙasarta. Inna ta gaya wa duk unguwa cewa gwamnati ta ji daɗin langa, ta saka wa yaron da aiki kusa da gida. Kwat ɗin Kawu ya karɓe, ya yi ta kiwo da shi har ya yage. Ba zan ce ban ji ciwo ba. Wanda ya tafi a gurbina ya dawo ya zama babba, na kuwa sha tsayawa a ƙofar ofishinsa. Amma duk ranar da na ga Ummi ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, sai in ji kamar an ɗan rage mini.

Dattijo ya koma gilashinsa, zauren Razdan ya yi watanni yana ƙamshin nama. Daga nan wata al'ada ta kafu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Duk lokacin da aka yi haihuwa a zuriyarmu, direba ya leƙa taga, sai Oga Bulus ya sa kati a akwatin cewa an ɗauke abin don gyara, bayan mako kuma ya dawo a gyare, da nama. Dukanku da Dattijo aka yi sunanku. Waɗanda suka gaji Oga sun tarar da abin a haka, wasu suka bi, wasu sai an yi musu doguwar gaisuwa. Langar kuwa ba ta dawo ba. Aka jefa ta sito aka manta, har zuwana na ƙarshe na gan ta a nata gilashin, da nata katin, a matsayin kayan ɗakin matan da.

To ga abin da nake so ku riƙe, ke Ummi musamman, tun da lokaci ya matso. Dattijo ba kyauta ba ne, ba a kuma sayar da shi ba, aro ne. In za ku je, ku je da rana, ku bi ta ƙofa, ku tafi da kwanon da za ku bar musu, kada kuma ku mayar da shi wofi. Sai abu ɗaya da na ɗauki alkawarin isarwa ban isar ba, don ban san ofishin da ake kai irinsa ba. A ciwonta na ƙarshe, ina zaune a bakin gadonta, Inna ta juya ta fuskanci bango, na san da ni take. Na matsa kusa, ina zaton wasiyya ce. Ta ce:

"A hwaɗa ma gwamnati, in ta gama da baƙinta, langata ma aro ta."